Makon da Delbert Purdy Ya Tuɓe Motarsa

Sai in fara da neman afuwa, don wani yanki na labarin nan ya zube mini. Ban sani ba ko a 1977 aka yi shi ko a 1978. Na taɓa rubuta shi a wani littafi mai shuɗin bango, amma littafin ya jiƙe lokacin da rufin ɗakina ya yi yoyo, ko kuwa aro na ba wani, ba zan rantse ba. Launin motar ma ya gagare ni. Wata rana in tuno ta koriya, wata rana ruwan ƙasa. Sauran dai yana nan, kuma zan faɗe shi yadda ya zo.

A garinmu Tolliver, motar nan da ake kira Redtail guda biyu ce rak, kuma Allah ya haɗa su a layin Sycamore, gida yana kallon gida. Ɗaya ta Orville Stamper ce, mai gidan mai, ƙirar 1970. Ɗayar ta Delbert Purdy ce, mai gyaran injin yankan ciyawa, ƙirar 1972. Daga nesa ba ka bambance su: dogon hanci, gajeren baya, tayoyin baya masu faɗin turmi. Bambancin a takarda yake. Ta Orville an rubuta mata ƙarfin doki ɗari uku da saba'in. Ta Delbert ɗari biyu da hamsin da biyar. Duk mai lasisin tuƙi a garin ya haddace lambobin nan, kuma ba a barin Delbert ya manta da su.

Shi kuwa Delbert mutum ne da bakinsa ya riga hannunsa girma. Yakan ce daga tsallaken titi yana jin kukan inji ya gaya maka filogin da ya yi datti. Yakan ce masu ƙera motoci a Detroit sun taɓa aiko masa da wasiƙar ɗaukar aiki, sai dai ta ɓace a hanya. Yadda ya san abin da ke cikin wasiƙar da bai gani ba, ba wanda ya tambaye shi, don amsar za ta ci rabin yini.

Kowane ƙarshen Agusta muna Bikin Masara. Da safiyar Asabar a yi tseren rubu'in mil a tsohon filin jirgin feshi, motar da ta ci ita ke ɗaukar Sarauniyar Masara a fareti da rana. Shekara shida ba wanda ya fito ya kara da Orville, sai dai ya taka a hankali shi kaɗai daga wannan layi zuwa wancan, a tafa masa. To a wannan shekara aka zaɓi Twila, 'yar Delbert tilo.

Da safiyar Litinin ya shiga gidan abincin Hazel yana tafe kamar shi aka naɗa.

"Injiniya, barka," in ji Hazel tana zuba masa kofi. "Twila za ta yi kyau a motar Orville."

"A motar ubanta za ta zauna."

"Wacce? Ko ka sayi wata ba mu ji ba?"

"Wadda kika sani."

Orville yana can ƙarshen tebur yana cin ƙwai. Mutum ne mai sanyin magana. Ya goge baki ya ce, "Del, ba sai mun kai ga haka ba. In kana son zama kusa da ita a baya, akwai wuri."

Aka kwashe da dariya. Wuyan Delbert ya yi ja har kunne.

"Asabar, ƙarfe goma," ya ce. "Ka taho da tabarau, don ka iya karanta lambar bayana."

"Dawaki ɗari da goma sha biyar ne fa tsakaninku," in ji Hazel. "A ina za ka samo su kafin Asabar? Ko gwanjo ake yi?"

"Ku dai ku zuba ido."

Gaskiyar magana, lokacin da ya faɗi haka ba shi da ko ƙwayar dabara. Daga can ɗakin karatu na gari ya nufa, inda nake aiki a wancan zamani, kuma a nan nawa laifin ya shigo. Na ba shi wata mujallar motoci mai bayani shafi shida. Bayanin ya ce kafin 1972 masu ƙera mota sukan ɗora inji shi kaɗai a kan teburin ƙarfe su auna ƙarfinsa, ba salansa, ba matacin iska, ba sauran tarkacen da ke shan ƙarfi. Daga 1972 aka koma auna shi da kayansa duka a jiki, shi ya sa lambobi suka faɗi. Har da hoton wani inji tsirara a kan tebur. Delbert ya karanta shafi ɗaya da rabi a tsaye, ya rufe.

"Farfesa, ashe ba a rage mini komai ba," ya ce. "Na Orville tsirara aka auna shi. Nawa da riga da wando da takalmi. In na tuɓe shi ai magana ta ƙare."

"Akwai sauran shafi huɗu da rabi," na ce.

"Wannan na 'yan koyo ne."

"Amma ita ma ta Orville da salansarta take yawo a titi."

"To ka ga ma. Shi yana fama da kaya, ni na sauke nawa."

Da la'asar ɗin ranar ya kwance salansa. Ya ɗauki alli ya rubuta 275 a ƙofar gareji da manyan lambobi, yadda za a gani daga tagar Orville, sannan ya murɗa makulli. Tantabarun da ke kan rufin kotu suka tashi, ba su dawo ba sai watan Oktoba. Maƙwabciyarsa Misis Crandall, wadda ta kurumce shekara goma, ta fito da sanda tana tambayar wanda ke ƙwanƙwasa mata ƙofa.

Ba a jima ba Clyde ɗan sanda ya iso yana toshe da kunne ɗaya.

"Del, doka ta ce mota sai da salansa."

"Tana da ita. Ga ta can jingine da bango."

"A jikinta ake nufi."

"Kwana biyar kawai, Clyde. Ba ka son ganin Asabar?"

Clyde ya dubi salansar, ya dubi lambar alli. "Ina so," ya ce. "Zan yi kamar ban ji ba. Ko da yake daga ofis na ji."

Talata ya cire matacin iska. Ya cire murfin gaba ma, tun da injin hoton ba shi da murfi. Ya fita zagaya gari da inji a buɗe, ya tsaya ƙofar coci inda Fasto Lindqvist ke tsaye da takardun huɗubarsa a hannu.

"Fasto, matso ka ga aikin ilimi."

Fasto ya sunkuya don kada ya ɓata masa rai. Delbert ya taka totur. Kafireta ta fizge shafi guda daga hannun Fasto ta haɗiye, motar ta yi tari, ta watso toka.

"Ka ga ƙarfin zuƙa?" in ji Delbert. "Ta Orville ko kan sarki ba za ta iya ɗagawa ba."

"Shafi na uku ne," in ji Fasto yana kaɗe gira. "A kan tawali'u."

"Me ka ce?"

"Ba komai, ɗana. Ya je inda ake bukatarsa."

Ran Lahadi huɗuba ta tsallake daga shafi na biyu zuwa na huɗu, kuma ban ji wanda ya lura ba. Amma na yi gaba. A yammacin Talata dai alli ya ce 300.

Laraba ya kwance fanka ya yanke bel. Da bel ɗin ya tafi, sai abin cajin batir ya tsaya, haka ma famfon da ke sa sitiyari laushi. Delbert ya lissafa wannan a matsayin riba uku da yanka ɗaya. Ya fita gwaji. Da ya zo shan kwanar Sycamore ya ja sitiyari da hannu biyu, sitiyari ya ce bai san zancen ba. Ya wuce ƙofar gidansa yana ɗaga wa matarsa Lorna hannu kamar da gangan. Bai sami filin juyawa ba sai a kasuwar shanu ta Bascom, mil goma sha ɗaya daga nan, kuma sau huɗu yana tsayawa inji ya huce.

Tun da batir ba ya caji, ya haramta wa kansa tayar da ita da makulli, sai dai a gangara. Tudu ɗaya ne a duk Tolliver, kuma maƙabarta ce a kai. Nan ya koma ajiye mota. Da safiyar Alhamis ya hau ya tarar ana binne tsoho Hubbard. Delbert mutum ne mai ladabi. Ya cire hula ya jira sai da aka ce amin, sannan ya saki birki. Motar ta gangara shiru har rabin tudu, ta kama, ta yi harbi uku a jere. Masu makoki suka kwanta a ciyawa, ban da matar mamacin. Ita ta ce marigayi ya yi soja shekara biyu, kullum burinsa a harba masa bindiga ranar binnewa, ga shi Allah ya cika masa.

A ranar ce Delbert ya sake nazarin hoton, ya gano babban sirrin: injin hoton ba shi da mota gaba ɗaya. Wannan kam ba zai yiwu ba, amma za a iya matsawa kusa.

Da Lorna ta dawo daga kasuwa ta tsaya a bakin gareji da leda a hannu.

"Del, ina ƙofofin?"

"A falo, bayan kujera."

"Kujerun fa?"

"A kan gadon baƙi. Na bar tawa."

"Ita Twila a ina za ta zauna? A wuyanka?"

"Me kika ce?" Zuwa lokacin ƙarar injin ta soma kurumtar da shi, kuma duk maganar da zai yi sai an ji ta a gida na uku.

Ta maimaita a saitin kunnensa.

"Tsakanin tsere da fareti awa uku ne," ya ce. "Zan mayar da komai."

"Abin da ka kwance a kwana huɗu."

"Kwancewa ce mai wuya. Ɗaurawa ai bin sawu ne."

Twila ta fito riƙe da farar rigar da take wa kalmasa. Ta zagaya abin da ya rage na motar sau ɗaya.

"Baba, don Allah ka bari haka. Motar Mista Stamper ba ta da laifi. Kowa a cikinta yake shiga."

Wannan ya ji, ban san ta yaya ba. Ya ajiye sifana.

"Ke ba kowa ba ce," ya ce. Ita ce magana ɗaya da ya faɗa a hankali a duk makon.

Twila ta sake duban motar. Can ta ce, "To ka tabbata akwai kujera."

Duk noti da kusoshin da ya kwance ya zuba su a wani jan gwangwanin biskit na Lorna, ya rufe, ya ɗora a kantar kicin cikin 'yan'uwansa don kada su ɓace. Ran Juma'a bamba biyu suka tafi, da gilashin baya, da murfin but, da madubai. Alli ya ce 410. Orville ya tsallako titi hannu a aljihu, ya daɗe yana kallon lambar.

"Del, in ka cire tayoyin za ka kai ɗari biyar."

"Na yi tunanin haka," in ji Delbert. Kuma na yi imani da gaske yake.

Asabar gari ya ƙare a filin jirgi. Delbert ya gangaro daga maƙabarta ƙarfe goma saura kwata, ya tsaya a kan layi kusa da Orville, inji na ruri, don in ya kashe ba tudu a nan. Sai magajin gari ya hau akwati zai yi jawabi. Ya buɗe baki, ba a ji komai ba. Ya yi wa Delbert alama da hannu ya kashe. Delbert ya ɗauka gaisuwa ce, ya mayar masa da hannu biyu. Magajin gari ba ya barin jawabi a tsakiya, don haka ya koma farko da ƙarfi. Sau uku yana komawa. Iska a kan injin Delbert ta soma rawa don zafi. Hazel ta matso ta jera masara biyu a kan ƙarfen, ta juya su sau ɗaya, kafin a kai ga godiya ga kwamitin biki sun gasu. Ta miƙa wa Clyde ɗaya.

Sarauniya ce ke sakin hankici a fara tsere. Twila ta tsaya tsakanin motocin biyu da kambin ganyen masara a ka, ta rufe ido, ta saki.

Abin da ya biyo baya ba wanda ya zata. Ƙwarangwal ɗin nan ya zabura kamar an harbo shi. Kafin Orville ya shiga giya ta biyu, Delbert ya ba shi tazarar mota huɗu. Mutane suka daina tauna. A tsakiyar fili tiyon lagireto ya fashe, farin tururi ya rufe shi ruf, ba a ganin komai sai gajimare yana gudu da tayoyi. A kashi uku cikin huɗu na filin injin ya yi wata ƙara kamar an jeho akwatin cokula daga bene, sai tsit. Shirun farko ke nan da garin ya ji tun Litinin, har wani jariri ya firgita ya fara kuka.

Delbert ya danne kuloci, motar ta ci gaba da mirginawa. Tana rage gudu, Orville yana matsowa. Delbert yana tura jikinsa gaba da baya a kujera kamar mai lilo. Ta tsallake layi da ratar da ba ta fi tafin hannu ba, ta ƙara taku ɗaya, ta tsaya.

Ya miƙe tsaye a kan kujera, baƙi ƙirin, gira a ƙone.

"Ina masu haddar lamba? Hazel, ina gwanjon? Farfesa, gaya musu shafi nawa na karanta."

Orville ya sauko ya ba shi hannu. Sannan ya leƙa injin, ya ɗan buga shi da sifana.

"Del, wannan ya narke ya zama ƙarfe ɗaya. Ko jirgin ƙasa ba zai juya shi ba."

"Hucewa zai yi."

"Zai huce. Amma ba zai tashi ba."

'Yan kwamiti suka haɗa kai, suka ce tun da abin ya zo da haka, a rubuta Delbert ya ci, Orville ya ɗauki sarauniya. Kowa ya ga adalci ne. Delbert ya ce atafau sai an karanta doka. Aka nemo littafin, magajin gari ya karanta masa a kunne: sarauniya za ta hau motar da ta ci tsere.

"Motar da ta ci," in ji Delbert. "An ce sai mai rai?"

Ba a ce ba.

Aka ja ta zuwa gida. Ya fito da ƙofofi da kujeru ya jera a ciyawa, ya shiga kicin. Kanta fayau. Ya ruga teburin matan coci inda Lorna ke sayar da kek da biskit.

"Jan gwangwanin nan fa?"

"Shi ya fara tafiya. Wani mutumin Ohio ya ɗaga ya ji nauyi, ya ce a gidansu ba a cika gwangwani haka."

"Ina yake?"

"A Ohio, ina tsammani."

Ya gwada ɗaure ƙofa ɗaya da waya, ta faɗo masa a ƙafa. Kujerar baya ta ƙi zama, ko ya aka taɓa ta sai ta zame. Ƙarfe ɗaya saura minti goma ya ɗauko kujerar katako daga kicin ya ɗaure ta da igiyar shanya a inda kujerar baya take a da.

Mota ɗaya ce a kusa mai ƙugiyar ja, kuma ta Orville ce. Haka fareti ya tashi. Orville a gaba, motarsa tana ƙyalli, mutane suna tafi suna cewa shekara ta bakwai ke nan. Bayansa igiya. Bayan igiya Delbert yana kokawa da sitiyari yana shelar cewa shi ya ci, wannan na gaba ɗan dako ne kawai, amma 'yan badujala na bayansa, ba mai ji. Can a sama Twila, cikin farar riga, a kan kujerar kicin da ke karkata duk lokacin da igiya ta miƙe. Hannu ɗaya tana riƙe da kambi, ɗaya tana riƙe da ƙarfe. Ba sauran hannun gaisuwa. Hawaye yana zuba.

Alƙalan da ke ba motocin ado kyauta daga Bascom aka ɗauko su, kuma ba su je tsere ba. A gaban kotu suka tsayar da fareti. Wata dattijuwa a cikinsu ta matso tana share ido, ta maƙala shuɗin ƙyalle na lamba ɗaya a jikin lagireto. Ta karɓi lasifika ta ce a shekara ashirin ba ta ga gargaɗi kan haɗarin mota mai ratsa zuciya kamar wannan ba, ta yaba wa yarinyar da ta iya kuka haka, ta kuma yaba wa wanda ya fito a matsayin direban banza.

Delbert bai ji ko kalma ba. Ya ga kyauta, ya ga lasifika, ya miƙe ya rusuna wa jama'a ta kowane ɓangare.

A nan Twila ta tattare rigarta ta sauko. Ba ƙofar buɗewa, taku ɗaya ne. Ta tsaya kusa da shi ta sa baki a kunnensa.

"Baba, ka ci. Ni na saki hankici, na gani. Yanzu zan je in zauna a kujera."

Ta bi igiya har gaba, ta buɗe ƙofar Orville, ta shiga, ta rufe. Fareti ya ci gaba. Delbert ya ƙarasa sauran layi shida yana tuƙa kujerar kicin ba kowa a kai, kuma waɗanda ke kusa sun ce daga kotu har filin makaranta bai ƙara cewa uffan ba.

Ban tuna ko sun shirya kafin Kirsimeti ko bayanta ba. Sun dai shirya. Akwai kuma abu ɗaya da ba daga ƙwaƙwalwata na ɗauko shi ba, don takardar tana cikin aljihun rigata. Bayan shekaru, da Orville ya rasu, matarsa ta roƙe ni in rubuta mata tallar motar. Na sa tabarau na kwafi lambar da aka buga a jikin injin, na je babban ɗakin karatu na jiha na duba ta a littafi, sau biyu. Na dawo na tambayi matar, ta ce haka ne, na asalin ya fashe tun a 1974, Orville ya musanya shi wata Lahadi da gareji a kulle. Injin da ya kara da Delbert daga wata motar kai yara makaranta aka ciro shi. Ƙarfin doki ɗari da saba'in da biyar ne, wato tamanin ƙasa da na motar Delbert a safiyar Litinin, kafin ya ɗauki sifana.